Kafaɗar Maccido Ja-Ɗaya

A fadamar Wurno, idan ka ji injin ban-ruwa ya yi tari sau ɗaya ya kama ruri, ba sai ka ɗaga kai ba, Maccido ne ya ja igiyar. Gajere ne mai faɗin ƙirji da ɗan tsinin gemu, kuma Allah ya ba shi hannun dama wanda babu injin da ke yi wa gardama. Sauran manoma sai su yi ta fizgar igiya suna gumi suna tsine wa mai sayar da fetur. Shi kuwa sai ya zo ya take injin da ƙafa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya waiga ya tabbatar kowa na kallo, sannan ya fizga. Shi ya sa muka laƙaba masa Ja-Ɗaya. Laifinmu ne, mu muka lalata shi. Mu mutanen garin nan, in muka ga mutum ya iya abu ɗaya, sai mun zuga shi har ya ɗauka ya iya komai.

Shi ma bai bar mana aikin zugar mu kaɗai ba. A majalisar mai shayi ya sha faɗa mana cewa akwai wani inji a Rabah da ya mutu tun zamanin uban mai shi, har kaza ta mai da shi akurki, amma yana taɓa igiyar sai injin ya tashi yana rawar jiki. Duk lokacin da ya ba da labarin sai injin ya ƙara tsufa, ƙwan kazar kuma ya ƙara yawa.

Mutum ɗaya ne ba ya tafa masa, wato Sodangi, taubashinsa, dogo marar yawan magana. Bara kafaɗar Sodangi ta daskare, har ya zamana ba ya iya kai hannu aljihun gefe. Ya je asibiti a Sakkwato wurin likitocin gashin ƙashi, suka koya masa motsa ta a hankali. Kullum da safe sai a gan shi ya fuskanci bangon gidansa yana tafiya da 'yan yatsu sama-sama, kaɗan-kaɗan. Maccido ya samu abin yi. Har kujera yake kawowa ya zauna ya yi kallo.

"Jama'a ku taho ku ga ƙadangaren Wurno!" in ji shi. "Sodangi, in ka kai bisa ka gaishe min da tsaka."

"Ina gaishe ta," in ji Sodangi, bai ko waigo ba.

To, bana sai ƙungiyar manoman albasa ta yanke shawarar sayen babban inji na kowa da kowa. Wanda aka damƙa wa injin shi ne zai riƙa rabon ruwa, ya ce yau gonar wane, gobe ta wane. Wannan magana ta shiga ran Maccido ƙwarai, domin gonarsa tana can ƙarshen fadama inda ruwa ke isa a gajiye, in ma ya isa. Bara albasarsa ta fito ƙanana har wani dillali ya tambaye shi ko tafarnuwa ce. Bai manta ba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Faruk, dattijo mai son bin ƙa'ida, ya ce ai babu wata doguwar magana: ranar buɗe inji, kafin wata ya mutu, Maccido ya tayar da shi a gaban jama'a, a miƙa masa.

A wannan makon ne kafaɗar Maccido ta ce ba ta san zancen ba.

Da farko ɗan tsunguli ne in ya fizgi igiya. Daga baya ya zamana in ya ɗaga hannu ta gefe, yana kaiwa daidai kafaɗa sai ya ji kamar an soka masa basilla. Kwanciya a ɓangaren dama ta gagara. Bai gaya wa kowa ba. A fadama sai ya fara yi wa mutane wa'azi cewa ya kamata kowa ya koyi tayar da injinsa, saboda rai ba tabbas. Amma matarsa Kaltume ba a yi mata irin wannan wa'azi. Ta lura yana cin tuwo da gwiwar hannu a kan cinya, yana kai baki wurin loma maimakon loma ta zo wurin baki.

"Malam, mi yas samu hannun ga?"

"Wane hannu? Ladabi na nika koyo. Abinci ba a ɗaga mai kai."

"To. Jibi sunan ɗiyar Zayyanu a Rabah. Ka tahi ka gwada mai ladabin."

Zayyanu ɗan ƙanen Kaltume ne, likitan gashin ƙashi a wani asibiti a Sakkwato, magidanci mai sanyin hali. Maccido ya je sunan a bayan babur ɗin haya, ya ce nasa yana wurin gyara. Bayan an shafa fatiha an raba goro, sai ya ja Zayyanu bayan rumbu, ya duba hagu da dama.

"Ɗana, wani abokina na, kahwaɗa ka damu nai. Kunya ta hana shi zuwa."

"Allah sarki. Baba, ɗaga min hannun abokin naka in gani."

Maccido ya harare shi, sannan ya ɗaga. Hannun ya kai rabi ya tsaya, fuskarsa ta yamutse. Zayyanu ya latsa nan, ya juya can, ya sa shi ya tura hannun yana tarewa, ya sa shi ya juya wuya, ya tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa a kai, ko yana da ciwon suga.

"Mi yah haɗa suga da kahwaɗa? Ni ba shayi ba na."

"Baba, ciwon kahwaɗa ba iri ɗaya na ba. Akwai na wanda yah hwaɗi, ƙashi yag goce. Akwai wadda ka daskarewa ta ƙi motsi, ita ta hi kama masu suga."

"Irin ta Sodangi ke nan. Ci gaba."

"Akwai wanda daga wuya shika tahowa, kahwaɗa ba ta da laihi. Akwai na shekaru, gaɓa ta cinye. In ko ta hagu ta, ga ƙirji ya ɗaure, ga zuhwa, wanga ba a zama, asibiti aka sheƙawa, don shina iya zama zuciya. Naka kau, jijiyoyin da ka riƙe kan ƙashi na sunka gaji sunka kumbura. Shekara da shekaru kana hizgar igiya, yau injin wane, gobe na wane. Ba su yage ba tukuna, amma suna roƙo."

Ya ce masa abu na farko, ya huta da jan inji. Ya riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a wurin. Ya duƙa ya dafa wani abu da hannun lafiya, ya saki mai ciwon ya yi ta lilo a hankali, babu komai a cikinsa. In ya ɗan saki, ya rataya igiya a reshe, hannun lafiya ya riƙa jan mai ciwo sama sannu-sannu, inda ya ciza a tsaya. Sannan ya zo asibiti a riƙa duba shi, a ƙara masa motsin da zai ƙarfafa jijiyoyin don kada ciwon ya dawo.

"Har yaushe?"

"In ka bi a hankali, wata biyu zuwa uku, da yardar Allah."

"Wata uku! Ɗana, mai ciki kam mai da ni?"

"Baba, in ka matsa mata, abin wata uku shina komawa shekara."

Wannan magana ta ƙarshe iskar babur ta tafi da ita tun kafin su fita daga Rabah. A hanya Maccido ya yi nazari mai zurfi. Zayyanu yaron kirki ne, amma a kan ma'aikatan ofis ya koyi aiki, masu kafaɗar riƙe biro. Ilimin nasa daidai ne, awon ne ya yi kaɗan. Idan ɗumi zai yi aiki a wata uku, ai zafi zai yi shi a mako guda. Idan hannu wofi yana warkarwa, ina ga hannu mai kaya? Kafin su iso Wurno ya gama tsara yadda zai warke kafin ranar buɗe inji, har ya fara tausaya wa likitoci da ba su taɓa yin wannan tunani ba.

Washegari da hantsi ya fara da lilo. Ya jira Kaltume ta shiga madafa, ya ɗauko ɗan dutsen niƙanta, ya ƙulle shi a cikin tsohon zane, ya ɗaura a wuyan hannu. Ya duƙa ya dafa turmi ya fara kaɗawa. Zuwan farko ya ji kafaɗar ta yi ƙara, ya ce a ransa magani ya fara shiga. Ya ƙara ƙarfi. Dutsen ya yi gaba ya yi baya, ya yi gaba ya yi baya, sai ƙullin zanen ya kwance. Dutse ya tashi ya ratsa tsakar gida ya sauka a cikin randar ruwan sha. Randa ta dare gida biyu, ruwa ya bi ƙasa, kaji suka watse suna kururuwa.

Kaltume ta fito da muciya a hannu. Maƙwabciyarsu Uwaliya kuwa tuni kanta ya bayyana a saman katanga, domin ita ba a fasa ko ƙwarya a unguwar ba ta shaida ba.

"Lahiya, Kaltume? Mi yah hwashe?"

"Tambayi Malam."

"Maciji na," in ji Maccido, yana riƙe da kafaɗa, gumi na tsattsafo masa. "Maciji nig gani bayan randa."

"Kuma sai da kaɗ ɗaure dutsen cikin zane kaj jehe shi?" in ji Uwaliya.

"Don kada shi ji ciwo ƙwarai. Halittar Allah ta."

Kafin azahar duk unguwa ta ji cewa Maccido yana yi wa maciji jifa da tausayi.

Ranar nan hannun ya ƙi kaiwa ko inda yake kaiwa da. Maccido ya ce wannan alama ce ciwon ya ji tsoro ya taru wuri ɗaya, saura a ƙone shi. Tsumma mai ɗumi abin jarirai ne. Ya sauka fadama da la'asar, ya samu injin wani manomi yana ta aiki, mai shi yana can nesa yana buɗe wa ruwa hanya zuwa kwali, wato fangalin albasa. Ya dubi salansar injin, ta yi zafi har iska na rawa a kanta. Ya tsuguna kamar mai sauraron lafiyar inji, ya yi bisimilla, ya jingina kafaɗa.

Ya yi niyyar daurewa. Ya ma daure na ɗan lokaci, abin da har yau nake jinjina masa a kai. Sai wani daga cikin masu dashe ya ɗaga hanci.

"Kai, wa ka gasa nama cikin hwadama?"

Ƙarar da Maccido ya yi ta danne ta injin. Ya zabura ya faɗa cikin kwalin albasar mutane ya yi ta birgima a laka, riga na hayaƙi. Aka taru a kansa.

"Ja-Ɗaya, mi na na?"

"Gwaji na," in ji shi daga kwance. "Injin ga shina zahi hiye da ƙima. Ku gaya ma mai shi shi canza baƙin mai."

Mai injin ya yi godiya, har ya ce da ma ya yi zargin haka. Ka ji irin mutanen da muke.

Kaltume ta wanke ƙunar ta shafa masa magani. Da ta gama sai ta ce, "Malam, in buga ma Zayyanu?"

"In kin buga mai, na tahi Shinaka in zauna wurin ƙanwata."

"Da wane hannu za ka ɗauki jaka?"

Ana cikin haka ranar kasuwar Goronyo ta zo, ranar da shugabannin ƙungiya za su ɗauko inji. Ba yadda za a yi a je babu Maccido. Ya sa riga biyu don ya ɓoye ƙunar, ya bi su. Kasuwa ta cika, buhunan albasa jibge ko'ina, ga injin nan ja wur, sabo fil, a ƙofar shago. Mai shagon, wani ƙato mai fara'a, yana hango shi ya taso da murna.

"Ja-Ɗaya da kanai! Yau shagona ya yi albarka!"

Ya ɗaga tafin hannunsa mai faɗi ya sauke a kan kafaɗar dama, daidai kan ƙunar.

"Allahu akbar!" Maccido ya kurma ihu har awakin da ke gefe suka firgita. Hawaye suka zubo masa. Kowa ya juyo. Ya nuna injin da haɓa. "Allahu akbar, ku dubi inji! Ban taɓa ganin irinai ba."

Alhaji Faruk ya girgiza kai cike da gamsuwa, ya ce ga mutumin da ke son aikinsa har yana kuka. Mai shago ya ce to a zuba mai, Ja-Ɗaya ya gwada shi a nan kowa ya gani.

"A'a," in ji Maccido da sauri. "Sabon inji ba a tashe shi cikin kasuwa. Ido ya yi yawa."

"Gaskiya na," in ji mutum biyu uku.

Sodangi yana jingine da buhu yana cin goro. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Maccido, tun ɗazu nika ganin hannunka rataye kamar ba naka ba. Ko aro kay yi?"

"Ajiya na. Hannun da ka tada injin ƙungiya ba a gajiyar da shi wurin gaisawa da masu suga."

"To Allah shi tsare ajiya. In ka so, bangona shina nan, akwai wuri gehe."

Maccido ya yi dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi, amma a cikin mota da suke komowa dariyar ta gudu. Tsoro ya kama shi sosai. Ya tuna gonarsa, ga irin albasa ya isa dashe, ga ƙasa ta bushe tana jira. Ya hango kansa tsaye a ƙofar wani yana roƙon ruwa. Wani mai hankali da a nan zai tsaya ya kira Zayyanu. Shi kuwa sai ya tuna ai saura magani ɗaya bai gwada ba, na igiya da reshe.

Saura kwana kaɗan a buɗe inji, ya tafi bayan gari wurin wata dalbejiya da sassafe. Ya jefa igiya a kan reshe, ya ɗaura ɗaya bakin a wuyan hannun dama. Ya ja da hagu, hannun ya ɗan tashi, ya ciza, ya tsaya. A nan Zayyanu ya ce a tsaya. Maccido ya ce matsalar hannun hagu ita ce tausayi, ɗan'uwansa ne, ba zai iya yi masa abin da ya kamata ba. Ana buƙatar wanda ba ruwansa.

Jakin Ja'afar mai ɗaukar taki yana ɗaure a kusa yana kiwo. Jaki ne mai natsuwa, wanda sai an roƙe shi yake ɗaga ƙafa. Maccido ya kwance shi, ya ɗaura masa igiyar a ƙirji, ya koma ƙarƙashin reshe ya daidaita tsayuwa. Dabarar ita ce ya ce "kur" jaki ya yi taku ɗaya, hannu ya tashi kaɗan, ya ce "tsaya" jaki ya tsaya.

"Kur," in ji shi a hankali.

Jaki bai motsa ba.

"Kur mana, ɗan banza."

Jaki ya ci gaba da cin ciyawa. Sai can daga wajen rafi wata jaka ta yi kuka. Jakin Ja'afar ya ɗaga kunnuwa, ya amsa da dukan muryarsa, ya zabura da gudun da tun da aka haife shi ba a taɓa ganin ya yi ba.

Allah ya sa Maccido ya yi saurin cafke igiyar da hannun hagu, ba don haka ba da hannun daman ya riga shi isa bisa. Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya tashi sama yana wutsil-wutsil, duk nauyinsa a kan hagu, har kansa ya shiga cikin ganye. Jaki yana can yana ja, shi yana nan yana lilo yana kiran sunayen Allah. Mata masu zuwa ɗibar ruwa suka ajiye bokitai. Ja'afar ya taho a guje.

"Baba Maccido! Mi kaka yi bisa icce?"

"Ganye nika ɗiba! Kama jakinka!"

"Da jakina aka ɗibar ganye?"

"Ja'afar, don girman Allah, kama jakinka, mu yi magana ƙasa!"

Ja'afar yana da saurin aiki. Maimakon ya jawo jakin baya, sai ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Maccido ya sauko gaba ɗaya, ya dira a kan kafaɗar hagu. Aka kwashe shi zuwa gida a kan jakin da ya jawo abin, yana ta jaddada wa matan cewa ganyen dalbejiya na can bisa ya fi na ƙasa magani.

Ranar buɗe inji Kaltume ce ta zura masa riga. Ta ce ya zauna a gida a ce ba shi da lafiya, ai ciwo ba abin kunya ba ne. Ya ce shi kunya ba ta dame shi ba, ruwa ne ya dame shi. Wannan ita ce gaskiya ta farko da ya faɗa tun da abin ya fara, shi ya sa Kaltume ta ƙyale shi ya tafi.

Fadama ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an kafa injin a bakin ruwa, an haɗa masa mesa. Maccido ya iso cikin babbar riga, hannuwa biyu a ciki, yana tafiyar ƙasaita. Duk wanda ya miƙo masa hannu sai ya ɗan rusuna ya ce mura yake yi. Aka yi addu'a, Alhaji Faruk ya yi jawabi, sannan ya ce, "Ja-Ɗaya, bisimilla."

Maccido ya zagaya injin. Ya sake zagaya shi. Ya ce a duba mai, aka duba. Ya ce a duba fulogi, aka ce sabo ne. Ya ce injin bai fuskanci gabas ba, aka juya shi. Da dabara ta ƙare sai ya gyara murya.

"Jama'a, kun daɗe kuna ganin hannu. Yau ƙahwa za ku gani. Injin ga bai kai in ɓata mai hannu ba."

Wallahi sai da muka yi tafi. Ya sa aka ɗaura masa igiyar a idon sawu, ya juya wa injin baya, ya tattara ƙarfi ya yi harbi irin na jaki. Injin ya ce "fut" ya yi shiru, igiya ta koma da ƙarfinta ta ɗebe masa ƙafa. Mutum in zai faɗi da hannu yake tarewa, shi kuwa babu ko ɗaya. Ya tafi a miƙe ya kifa cikin magudanar ruwa, hula ta yi nata wuri.

Da aka tsamo shi, rigar ta zame, kowa ya ga ƙunar dama da kumburin hagu. Sodangi ya tako a hankali, ya naɗe hannun riga, ya kama igiyar da hannun nan da muka sha yi wa dariya. Ya ja bai tashi ba, ya gyara tsayuwa ya sake ja. Inji ya kama ruri, ruwa ya yi tsalle daga bakin mesa.

Nan take gardama ta kaure. Wasu suka ce a ba Sodangi, shi ya tayar. Wasu suka ce haba, Maccido ya yi shekaru yana tayar mana da injuna ko ruwan shayi bai taɓa karɓa ba, kafaɗar ma a hidimarmu ta lalace. Alhaji Faruk ya ce a raba gardama da ɗaga hannu. Masu son Sodangi suka ɗaga, shi ma Sodangi ya miƙa nasa sama sak. Aka ƙirga. Masu son Maccido suka ɗaga, aka ƙirga. Aka yi kunnen doki.

Sai wani ya ce, "Alhaji, ai Maccido bai ɗaga ba!"

Duk aka juyo. Gaskiya ne, yana tsaye yana ɗigar laka, hannuwa a rataye.

"Maccido, kai wa kaka so?" in ji Alhaji Faruk.

"Ni nika so, ranka shi daɗe."

"To ɗaga hannu. Ba mu ƙirga baki."

Hannu ɗaya tak, ruwa ya zama nasa. Ya ciji leɓe ya gwada dama, ta kai aljihu ta ƙi gaba. Ya gwada hagu, ta tsaya a cibiya. Ya karkace, ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya ɗaga gira, ya ɗaga gemu, komai na jikinsa ya tashi ban da abin da ake nema. Magoya bayansa suna ta ihu, "Ɗaga! Ɗaga, Ja-Ɗaya!"

Ja'afar mai jaki, wanda tun ranar dalbejiya yake jin yana da alhaki, ya ga dama ta samu ya gyara. Ya kutso ya kama gwiwar hannun Maccido da hannu biyu ya cilla ta sama.

"Wayyo! Na janye! Na janye! A ba Sodangi! A ba shi har da mesa!"

Alhaji Faruk ya ce to, ɗan takara ya janye da bakinsa gaban shaidu, wannan kam ana ƙirgawa. Aka shafa fatiha.

Jama'a suka bi ruwa suna kallon yadda yake shiga kwali, aka bar Maccido zaune a kan kunya. Hularsa tana gabansa a cikin laka. Ya dube ta, ya san ko ya ɗauka ba zai iya kai ta kai ba, sai dariya ta kama shi, irin wadda ke zuwa tare da ƙwalla. Sodangi ya zo ya tsince ta, ya ɗauraye a bakin mesa, ya matse, ya kafa masa a kai ya gyara mata zama.

"Albasata fa?" in ji Maccido, bai ɗago ba.

"Tana shan ruwa gobe, ita za ta hwara. Amma daga nan gaba na sa ƙa'ida. Duk mai son ruwa shi zo shi ɗaga hannu."

Maccido ya dubi injin, sannan ya juyo wurinsa.

"Sodangi, wace rana Zayyanu ka ganin mutane?"

"Laraba."

"Ka biyo ka ɗauke ni bisa babur. Amma kak ka bi da ni ta kasuwa."

"Ta kasuwa za mu bi," in ji Sodangi. "In ba ka so, ka miƙo hannu ka kama kan babur ka canza muna hanya."